John Glenn da Tashar Kumbo ta Kano

John Herschel Glenn shi ne Ba'amurke na farko da ya kewaya duniya a cikin kumbo. Ya yi tafiyar ranar Talata 20 ga Fabrairu 1962, ya zaga duniya sau uku cikin awa 4 da minti 55, ya sauka a teku lafiya. Rashawa biyu, Yuri Gagarin da Gherman Titov, sun riga shi wannan aiki a 1961, don haka shi ne mutum na uku. Labarinsa ya shafi ƙasar Hausa kai tsaye, domin daga cikin tashoshi 18 da aka baza a duniya don bin sawun kumbonsa da yin magana da shi, ɗaya tana Kano.

An haife shi ranar 18 ga Yuli 1921 a garin Cambridge na jihar Ohio, ya tashi a wani ƙaramin gari da ke kusa, New Concord. Mahaifinsa aikin famfo yake yi, mahaifiyarsa malamar makaranta ce. Ya shiga kwalejin Muskingum da ke garinsu, kuma yana ɗalibi ya koyi tuƙin jirgin sama a wani shiri na gwamnati, ya sami lasisi a 1941. A watan Disamba na wannan shekara Japan ta kai hari kan sansanin Pearl Harbor, Amurka ta faɗa Yaƙin Duniya na Biyu, shi kuma ya ajiye karatu bai kammala ba ya tafi soja. Ya zama hafsa a rundunar sojan kundunbala ta ruwa a 1943, kuma a watan Afrilu na shekarar ya auri Annie Castor, wadda suka tashi tare tun suna yara. Annie tana da in'ina mai tsanani, har amsa waya kan gagare ta, ba ta sami sauƙi ba sai a 1973 da ta yi wani horo na musamman. Sun yi shekara 73 da aure.

A yaƙin ya tuƙa jirgin Corsair a tsibiran Marshall da ke Tekun Fasifik, ya fita farmaki fiye da sau 50. A yaƙin Koriya ya fita sau 90, kuma sau biyu yana dawowa da jirginsa ɗauke da hudar harsashi da ɓaraguzai sama da 250. A makonnin ƙarshe na yaƙin, cikin Yuli 1953, ya harbo jiragen MiG-15 guda uku. Daga nan ya wuce makarantar matuƙa masu gwajin sabbin jirage da ke Patuxent River a jihar Maryland, ya gama a 1954. Wannan sana'a ce da ke cin mutane, domin matuƙin gwaji shi ake ba jirgin da ba a gama sanin halinsa ba, ya tashi da shi ya kai shi iyakar ƙarfinsa, in ya dawo ya rubuta abin da ya gani. Ana neman mai ƙarfin hali, amma an fi neman mai natsuwa da iya ba da rahoto, kuma nan ne Glenn ya yi fice.

Sunansa ya fara fita a jaridu ranar 16 ga Yuli 1957, da ya tuƙa jirgin yaƙi na Crusader daga Kalifoniya zuwa New York cikin awa 3 da minti 23, yana shan mai a sama har sau uku. Shi ne karo na farko da aka ratsa Amurka daga gaɓa zuwa gaɓa da matsakaicin gudun da ya wuce na sauti. Ba a yi wata uku ba Tarayyar Sobiyet ta harba Sputnik, tauraron ɗan'adam na farko, ranar 4 ga Oktoba 1957, hankalin Amurka ya tashi. A 1958 aka kafa hukumar NASA, aka ɗora mata shirin Mercury, wato aika mutum ya kewaya duniya ya dawo da ransa.

Sharuɗɗan zaɓen 'yan sama jannatin sun yi tsauri. Sai matuƙin gwaji na soja, wanda bai kai shekara 40 ba, wanda ya yi awa 1,500 a sama, kuma tsawonsa bai wuce mita 1.8 ba, saboda kumbon ƙarami ne. Ana kuma neman digiri, wanda Glenn ba shi da shi, amma aka duba aikinsa aka ɗauke masa. Ranar 9 ga Afrilu 1959 aka gabatar da mutum bakwai ga 'yan jarida. Glenn ne babbansu, yana da shekara 37, kuma shi ne ya fi su iya magana a gaban jama'a. Ya yi zancen iyali da addini da kishin ƙasa, 'yan jarida suka so shi nan take. Abokan aikinsa ba su so shi haka ba, domin yakan yi musu wa'azi a kan kame kai, kuma da aka zo zaɓen wanda zai fara tashi, Alan Shepard aka ɗauka. Abin ya ƙona wa Glenn rai. Sai dai tafiyar Shepard ta 5 ga Mayu 1961 da ta Gus Grissom ta 21 ga Yuli duk tsalle ne na minti 15, a hau a sauko ba tare da an kewaya duniya ba, alhali Gagarin ya riga ya yi zagaye ɗaya tun 12 ga Afrilu, Titov kuma ya yi 17 a watan Agusta. Jinkirin da Glenn ya ƙi shi ne ya kai shi ga tafiyar da ta fi girma.

Tsallen minti 15 ana iya kallonsa daga gaɓar Florida. Kewaya duniya kuwa wani abu ne daban. Kumbon yana tafiya a tsakanin kilomita 160 da 260 daga ƙasa, da gudun kusan kilomita 28,000 a awa, yana gama zagaye ɗaya cikin minti 88 da rabi. Igiyar rediyon da ake sauraronsa da ita miƙe take tafiya, ba ta bin lanƙwasar duniya, saboda haka tasha ba ta jin kumbo sai ya ɓullo mata daga wannan gefe na sama, kuma cikin 'yan mintoci ya faɗi a wancan. A lokacin babu taurarin sadarwa da za su riƙa miƙa magana. Likitoci kuma ba su da tabbacin abin da rashin nauyi zai yi wa zuciya da ido da hankalin mutum, don haka suka nace kada a bar shi ya daɗe babu mai jin muryarsa. Mafita ita ce a jera tashoshi a ƙarƙashin hanyar da zai bi, kowace ta karɓe shi daga ta baya ta miƙa shi ga ta gaba.

Hanyar ce ta zaɓi Kano. Kumbon da aka harba daga Cape Canaveral zuwa gabas yakan ratsa Tekun Atlantika ta kan Bermuda, ya wuce tsibiran Canary, ya shiga Afirka ta hamadar Sahara yana gangarowa kudu maso gabas, ya fita ta wajen Zanzibar zuwa Tekun Indiya da Ostiraliya. Tsakanin Canary da Zanzibar akwai dubban kilomitoci, dole a sami tasha a tsakiya. Kano tana kan layin, kuma tana da abin da ake bukata: babban filin jirgin sama da jiragen ƙasashen waje ke sauka, da jirgin ƙasa da ke zuwa daga tashar ruwa ta Legas. Tun a 1925 ma jirgin sama ya sauka a Kano. Gwamnatin Abubakar Tafawa Ɓalewa ta ƙulla yarjejeniyar tashar da Amurka a watan Oktoba 1960, watan da ƙasar ta sami 'yancin kai.

Lokacin ba na sakin jiki da baƙin kayan ƙarfe ba ne. Faransa ta fara gwajin bam ɗin nukiliya a Reggane cikin Saharar Aljeriya a Fabrairu 1960, kuma Nijeriya ta yanke hulɗa da ita a kan haka a Janairu 1961. Yarjejeniyar tsaro da Ingila ta sha suka daga ɗalibai da 'yan adawa har aka soke ta a Janairu 1962. A Zanzibar 'yan siyasa sun yi ta zargin cewa tashar kumbon da aka kafa musu sansanin makamai ce. Gaskiyar magana, tashoshin biyu na Afirka ba su da ko na'urar radar, ba su kuma iya ba kumbo umarni. Aikinsu sauraro ne da magana. Eriyoyinsu suna karɓar ma'aunan da kumbon ke aikowa da kansa, kamar bugun zuciyar matuƙi da numfashinsa, da zafin ɗaki, da yawan iskar shaƙa da man da ya rage. A kowace tasha akwai mai magana da ɗan sama jannati, da injiniya mai duba lafiyar kumbo, da likita. Da kumbo ya wuce sai su taƙaita abin da suka gani, a buga shi ta na'urar aika rubutu zuwa cibiyar Goddard da ke Maryland, inda kwamfutocin IBM ke lissafin hanya, daga can a miƙa wa masu jagorancin tafiya a Florida. An gwada wannan jerin tashoshi da kumbo marar mutum a Satumba 1961, sannan da wani gwaggon biri mai suna Enos a Nuwamba.

Kwamfuta sabon abu ce a lokacin, kuma Glenn bai yarda ya jingina ransa gare ta ita kaɗai ba. Ya nemi Katherine Johnson, wata baƙar fata masaniyar lissafi a cibiyar Langley ta NASA, ta sake bin lissafin hanyarsa da ƙaramar na'urar tebur. Ta yi yini ɗaya da rabi tana aikin, lambobinta suka dace da na kwamfutar. Rokar ma abin tsoro ce. Atlas makami mai linzami ne da aka mayar abin ɗaukar mutum, kuma bangonta siriri ne ƙwarai, har ba ta iya tsayuwa sai an matsa mata iska a ciki, kamar salkar da ba ta miƙewa sai an cika ta. Biyu daga gwaje-gwajen Mercury da aka yi da ita, a Yuli 1960 da Afrilu 1961, sun ƙare da tarwatsewa. An ɗage tafiyar Glenn sau da yawa saboda yanayi da matsalar na'ura. Ranar 27 ga Janairu 1962 ya kwanta a cikin kumbon sama da awa biyar kafin a ce ya fito, gajimare ya rufe sama.

Ranar 20 ga Fabrairu aka harba shi da ƙarfe 9:47 na safe agogon Florida, wato 3:47 na yamma agogon Nijeriya. Kumbon, wanda shi da 'ya'yansa suka raɗa wa suna Friendship 7, nauyinsa bai kai tan ɗaya da rabi ba. Cikin minti biyar da ɗoriya ya hau falakinsa, kuma da minti ashirin da 'yan kai tashar Kano ta kama muryarsa. A ƙasar Hausa la'asar ce, a tsakiyar watan azumi na shekarar 1381 ta Hijira, a ƙarshen hunturu. Glenn ya gaya wa Kano cewa yana hango ƙura tana tashi a kan hamada, har ƙasa ba ta ganuwa sosai a wasu wurare, aka amsa masa cewa iska ta yi mako guda tana kaɗawa da ƙarfi. Hazon da kowa ya saba da shi ke nan daga Agadas zuwa Zariya, an gan shi daga sama. A wannan ratsin kuma ya buɗe gilashin hularsa ya haɗiye ƙwayar wani nau'in sukari, gwajin da likitoci suka shirya don su gane ko hanji na aikinsa idan babu nauyi, sannan ya gwada juya hancin kumbon da hannunsa.

Daga tsayin kilomita 200 ido na kaiwa kimanin kilomita 1,600 ta kowane gefe, don haka Kano da Katsina da Zariya da Maraɗi duk suna cikin faifai ɗaya a ƙarƙashinsa. Tazarar Kano da Zariya, da gudun da yake yi, ba ta kai daƙiƙa 20 ba. Amma wanda ya tsaya a Ƙofar Doka ta Zariya ko a fadar Sarkin Zazzau Muhammadu Aminu ya ɗaga kai a wannan la'asar ba zai ga komai ba, ba zai kuma ji ƙara ba, domin kumbon ƙarami ne, rana tana sama, kuma a can babu iskar da za ta ɗauko sauti.

Bayan Zanzibar ya shiga dare a kan Tekun Indiya. Mutanen birnin Perth na Ostiraliya sun kunna fitilunsu don ya gani, ya kuwa gani ya yi musu godiya. Da gari ya waye masa a kan Fasifik sai ya ga dubban 'yan ƙyalƙyali suna yawo kewaye da kumbon, abin da ya ɗaure wa kowa kai, sai a tafiyar abokin aikinsa Scott Carpenter ta watan Mayu aka gane ƙanƙara ce da ke ɓallewa daga jikin kumbo. A ƙarshen zagaye na farko wani ɗan bututun da ke daidaita kumbon ya fara gardama, Glenn ya karɓi tuƙi da hannu, ya riƙe shi a mafi yawan sauran tafiyar. Wannan ya kashe wata muhawara da aka daɗe ana yi, ta ko ɗan sama jannati matuƙi ne ko kaya ne kawai da aka ɗora.

Babbar matsalar a ƙasa aka gan ta, shi bai sani ba. Ɗaya daga ma'aunan da tashoshi ke karɓa ya nuna kamar garkuwar zafi ta kwance. Wannan garkuwa ita ce faffadan gindin kumbon, mai tare zafin da ke kaiwa wajen digiri 1,600 idan kumbo ya dawo cikin iskar duniya. In ta zame, mutum ya ƙone. Masu jagoranci suka yanke shawarar kada a yar da ƙunshin ƙananan rokokin birki da ke ɗaure a kan garkuwar, ko maɗaurinsa ya riƙe ta. Ba su faɗa wa Glenn dalili ba, sai tambayoyi suke aiko masa ta bakin tashoshi ɗaya bayan ɗaya, har ya gane da kansa. Daga baya ya nuna rashin jin daɗinsa, yana ganin matuƙi ya fi kowa haƙƙin sanin halin da jirginsa ke ciki, kuma da wuya a ce bai yi gaskiya ba. Da ya shigo iska, magana ta yanke na wajen minti huɗu, yana kallon gutsattsarin ƙarfe masu wuta suna wucewa ta taga bai san ko na rokokin ba ne ko na garkuwar. Na rokokin ne. Laima ta buɗe, ya sauka a Atlantika kusa da tsibirin Grand Turk, jirgin ruwan yaƙi mai suna Noa ya tsamo shi. Da aka bincika, garkuwar lafiya lau take, wani ɗan makunni ne ya yi ƙarya.

Amurka ta karɓe shi kamar wanda ya ci yaƙi. Ya yi jawabi a gaban majalisun ƙasar, kuma an ƙiyasta mutum miliyan huɗu suka fito tarbarsa a New York ranar 1 ga Maris. Ba duk abin da ya yi da wannan farin jini ne ya yi kyau ba. A Yuli 1962, da majalisa ta saurari koken mata matuƙa irin su Jerrie Cobb, waɗanda suka ci irin gwajin lafiyar da mazan suka ci, Glenn ya kare tsarin da ya hana su shiga, yana cewa haka al'umma take. Shekara guda bayan haka Rasha ta aika Valentina Tereshkova, Amurka kuwa ba ta aika mace ba sai 1983.

Nijeriya ta yi alfahari da nata rabon. A 1963 ta buga kan sarki biyu a kan amfani da sararin samaniya don zaman lafiya: na sisi yana ɗauke da hoton kumbon Mercury a saman tashar Kano, na sule da taro kuma yana nuna tauraron sadarwa na Syncom da jirgin ruwan Kingsport a tashar Legas. Ta wannan jirgi da tauraron Syncom 2 ne Shugaba Kennedy ya yi magana da Tafawa Ɓalewa ranar 23 ga Agusta 1963, karo na farko da shugabannin gwamnatocin ƙasashe biyu suka zanta ta tauraron ɗan'adam. An rufe tashar Zanzibar bayan juyin juya halin Janairu 1964. Ta Kano ta ci gaba da aiki a zamanin kumbunan Gemini masu ɗaukar mutum biyu, sannan aka daina bukatarta da aka koma shirin zuwa wata. Tashar ta Amurka ce, don aikin Amurka aka gina ta, ba ta bar wa ƙasar wata makaranta ba. Horar da matuƙa da masu kula da zirga-zirgar jirage ya zo ta wata hanyar, da aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgin sama a Zariya a 1964. Hukumar sararin samaniya ta Nijeriya sai a 1999 aka kafa ta, kuma tauraronta na farko, NigeriaSat-1, ya tashi daga Rasha a Satumba 2003.

Glenn ya jira a sake ba shi tafiya, ba a ba shi ba. An daɗe ana cewa gwamnati ce ba ta son ta yi kasada da ran gwarzonta. Ya bar NASA a Janairu 1964 ya nemi kujerar sanata a Ohio, sai ya zame a banɗaki ya bugu a kai, kunnensa na ciki ya taɓu, jiri ya hana shi yaƙin neman zaɓe, ya janye. Ya yi aiki da kamfanin lemo na Royal Crown, ya sake nema a 1970 ya faɗi a zaɓen fid da gwani, sai a 1974 ya ci. Ya yi shekara 24 a majalisar dattawa a jam'iyyar Democrat, wa'adi huɗu a jere. Aikinsa mafi nauyi shi ne dokar hana yaɗuwar makaman nukiliya ta 1978. A 1984 ya nemi takarar shugaban ƙasa bai kai ko'ina ba, ya fito da bashin kusan dala miliyan uku da ya ɗauke shi sama da shekara 20 yana biya. Sunansa ya kuma shiga cikin sanatoci biyar da aka bincika kan alaƙarsu da attajiri Charles Keating. Kwamitin ɗa'a ya wanke shi daga laifi a 1991, amma ya ce bai yi hangen nesa ba.

Tafiya ta biyun da ya nema ta zo bayan shekara 36. Ya shawo kan NASA cewa abin da rashin nauyi ke yi wa ƙashi da tsoka da barci ya yi kama da abin da tsufa ke yi, don haka ya dace a gwada tsoho. Ranar 29 ga Oktoba 1998, yana da shekara 77, ya tashi a kumbon Discovery tare da mutum shida, suka yi kusan kwana tara, suka zaga duniya sau 134. Masu suka sun ce gwaji a kan mutum ɗaya ba ya tabbatar da komai a kimiyya, sakayya ce aka yi wa sanata, kuma ba a sake aika wani tsoho don ci gaba da binciken ba. A wannan karon taurarin sadarwa ne ke miƙa muryarsa ƙasa kusan ba yankewa, aikin da a 1962 sai da aka jera tashoshi 18.

Ya bar majalisa a Janairu 1999, ya koma koyarwa a cibiyar nazarin harkokin jama'a da ke ɗauke da sunansa a Jami'ar Jihar Ohio. Shugaba Obama ya ba shi lambar yabo ta 'yanci a 2012. Ya rasu a birnin Columbus ranar 8 ga Disamba 2016 yana da shekara 95, shi ne na ƙarshe da ya rage cikin bakwai ɗin nan na 1959. An binne shi a maƙabartar sojoji ta Arlington ranar 6 ga Afrilu 2017, Annie kuma ta rasu a Mayu 2020 tana da shekara 100.